Muryar Bayan Labule

Shekara bakwai ke nan da aka fita da gawar ƙanena Salisu daga gidanmu da ke unguwar Briqueterie. Duk shekara idan watan ya zagayo, sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama. Kwana da kwanaki na yi ina kai-kawo tsakanin shagon ɗinkina da ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, da wata magana a bakina da na kasa furtawa, har maƙwabciyata ta tambaye ni ko wani abu ne ya ɓace mini. Jiya dai na daure na faɗa, kuma amsar da na samu ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai san shi ba, Salisu marubucin labarin fim ne wanda bai taɓa ganin sunansa a jikin wani fim ba. Ni ce babbar yayarsa, Adda yake kirana, shi ne namiji tilo a ɗakinmu. Tun yana makarantar sakandare yake haɗa wasan kwaikwayo da Faransanci don bikin ƙarshen shekara. Da ya gama bai sami aiki ba, sai ya shiga bin masu ɗaukar bidiyon biki yana riƙe musu fitila. Daga baya wata ƙaramar tashar rediyo ta riƙa ba shi rubutun talla, yau sabulu, gobe maganin sauro. Idan ya shigo gida nakan tare shi da tsokana, in ce babban marubuci, yau sauro nawa aka kashe? Sai ya ce, "Adda, yi dariyarki. Wata rana sai kin bi layi kafin ki ga aikina."

Yadda yake rubutu shi ne abin da ya fi ba ni haushi yana raye, kuma shi ne na fi kewa yanzu. Salisu ba ya ƙirƙiro mutum daga kansa. Sai ya zaɓi mai rai a cikin unguwa, ya liƙe masa wata da watanni yana sauraro, sannan ya yanka masa magana daidai bakinsa, yadda muke yanka riga a kan awon mai ita. Akwai Malam Buba mai suya a bakin titi. Akwai Tela Garba, mutumin Zariya, wanda ya tsufa a nan amma har gobe faɗa yake yi da mu don muna cusa Faransanci a cikin Hausa. Akwai Gwaggo Laraba mai ƙosai. Idan ya rubuta wa mutum zance, sai ya kai masa ya karanta, ya ce maimaita in ji. Inda harshen mutumin ya yi tuntuɓe, nan take zai soke wurin, ko da shi ne ya fi so a duk shafin.

Na tuna ranar da ya kai wa Malam Buba wani zance na sulhu bayan rigima. Dattijon ya saurara yana juya nama, ya girgiza kai ya ce, "Ni ba na ce wa mutum don Allah ka yi haƙuri. Cewa nake, bon, ya wuce, in ƙara masa yanka ɗaya." Salisu ya dawo gida da murna kamar an ba shi fili a tsakiyar gari. Sati guda muka yi a gidan, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce bon, ya wuce.

Yana da wata doka kuma, wadda ni dai a wurina taurin kai ne tsagwaronsa. Wanda aka rubuta wa zance shi zai fito ya faɗa, ba wani ba. Da Gwaggo Laraba ta bi ɗanta Douala, sai ya cire duk inda take a labarin, aikin kusan shekara. Na ce masa fim ɗin da sai an hana mutanen Briqueterie ƙaura da mutuwa kafin a gama shi, ai ba ranar gamawa. Ya ce gara ya gajarce da ya yi ƙarya.

Labarin kansa ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Saurayi ne ɗan unguwa zai yi tafiya mai nisa neman sana'a, yana bin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana sallama, kowa da irin shawararsa da irin ƙorafinsa. A ƙarshe ya zo ƙofar ɗakin uwarsa. Ba a ganin uwar. Salisu ya san ko sama da ƙasa za su haɗe Inna ba za ta tsaya gaban kamera ba, don haka ya bar ta a bayan labule, muryarta kawai za a ji.

Wannan ƙarshen yana da tushe. Wani mai shirya finafinai a Kano ya taɓa ganin samfurin rubutun Salisu ta hannun wani ɗan kasuwa da ke kawo mana atamfa. Ya aiko cewa ya zo ya shiga cikin marubutansa. Ban taɓa ganin ƙanena a irin wannan hali ba. Ya sayi jaka, ya tsara yadda zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré ya ci gaba da mota, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Sai Inna ta ce a'a. A wannan hanyar ce babanmu ya tafi saro kaya muna ƙanana, aka dawo mana da labari maimakon shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "In ka tafi, ba da yawuna ba." Na yi mata magana har na wuce gona da iri. Kawunnanmu suka taso daga unguwar Madagascar suka ba ta baki. Ba ta motsa ba. Salisu ya kwance jakarsa, ya koma rubuta tallar sabulu, kuma bai taɓa ɗaga mata gira a kan maganar ba. Wannan haƙurin nasa har yau yana ci mini rai.

Bayan haka ne ya rubuta zancen uwar, inda take sallamar ɗanta da bakinta. A duk abin da ya rubuta, wannan ne kaɗai bai taɓa kai wa mai shi ya gwada a harshenta ba.

Sannan zazzaɓi ya zo, muka ɗauka irin na damina ne da aka saba. Kafin mu farga ya wuce da shi. Hanyar da Inna take tsoro ba ta taɓa shi ba. A gida ya kwanta, a asibitin da ake zuwa da ƙafa ya cika.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya leƙo ya ga yau. Yanzu kowa mai fim ne. 'Yan matan da ke koyon ɗinki a wajena kan jingina waya a jikin keken ɗinki su yi wasa na ɗan lokaci kaɗan, kafin la'asar mutanen da ba su taɓa jin sunan unguwarmu ba sun kalla sun yi dariya. Na san da farko zai taɓe baki ya ce babu wanda ke magana haka a duniya. Na kuma san kafin sati ya zagayo zai karɓe wayar ya fara gyara musu zance. An ce har na'ura ake sa wa ta rubuta labari yanzu. Wannan kam da na so in ga fuskarsa, mutumin da zai yi wata yana shaƙar hayaƙin suya don jimla ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne wannan: yau marubuci ba ya bukatar zuwa Kano. Yana zaune a ɗakin uwarsa zai aika rubutu ta waya, a yi shawara da shi ta waya, a ɗauki fim ya kalla ta waya. Rigimar da ta karya ƙanena, da ya ƙara 'yan shekaru kaɗan, da ba ta ma taso ba. Idan na tuna haka sai in tashi tsaye ba tare da na san inda zan je ba.

A watan jiya Ibrahima ya zo shagona. Abokin Salisu ne, tare suka yi riƙon fitila a gidajen biki, yanzu yana da kayan ɗaukarsa yana zaune a unguwar Cité Verte. Ya ce yana so a ɗauki fim ɗin kafin mutanen cikinsa su ƙare. Malam Buba ƙafa ta fara ƙi, Tela Garba ido ya yi rauni, wasu sun koma unguwar Nkomkana da aka rushe musu shaguna, amma duk sun yarda. Saura Inna. Na ce ya nemi wata dattijuwa mai irin muryarta mana, wa zai sani tunda bayan labule ne? Ya dube ni ya ce, "Adda, kin fi ni sanin mutuminki. In ba ita ba ce, cirewa za mu yi. In kuma muka cire, fim ba shi da ƙarshe." Na ji haushinsa domin gaskiya ya faɗa. Ga shi muryar Inna kullum ƙara siririya take yi, tari ba ya barin ta ta kai ƙarshen dogon zance.

Jiya da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, na same ta tana tsintar shinkafa. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya da ta ji Malam Buba zai fito a fim, ta ce to Allah ya sa ya wanke rigar nan tasa. Sannan ta ce, "Ni kuma me ya ce in ce?"

Na fita na saki labule, na tsuguna a bakin ƙofa a matsayin ɗan. Na ce, "Inna, mota za ta tashi." Sai na karanta mata nata: "Je ka, na yarda. Kada ka ci abincin da ba ka ga dahuwarsa ba. Allah ya tsare hanya, ya ba ka abin da ka je nema."

Ta ce in sake. Na sake. Na ji ta ajiye faranti.

"Haka nake magana kuwa," ta ce. "Ashe yaron nan yana saurarona."

Ta maimaita zancen abincin ba tuntuɓe. Ta maimaita addu'ar, har ta ƙara da nata. Na ce saura farkon. Sai na ji ta jawo farantinta. Na ce Inna, farkon fa. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Raina ya fara ɓaci, irin ɓacin da na san shi tun wancan lokaci. Na ce, "Inna, wasa ne fa, fim ne. Je ka kawai za ki ce, a gama masa aikinsa."

Ta amsa daga bayan labule.

"Hajara, ke ba ki gane ba. In na faɗa, tafiya zai yi."

Tun jiya nake auna abin da ya rage na Salisu. Ba fim, ba suna a jikin allo, ba ɗa ba jika. Akwai dai tsofaffi a unguwar nan da suka san wani ya taɓa zama ya saurare su har ya iya bakinsu, suna kuma riƙe da zancensu a ka suna jiran a kira su. Ni ina so a gama masa aikinsa, ina so ƙwarai, kuma ban daina jin zafin hana shi da aka yi ba. Amma na kasa komawa ƙofar nan in sake roƙo. Mu duka mun yi masa sallama shekara bakwai da suka wuce, mun karɓi gaisuwa, mun raba kayansa. Mutum ɗaya ce ba ta sallame shi ba, kuma a wurinta har yanzu yana gida. Allah ya jiƙan Salisu, ya ba ni abin da zan faɗa wa Ibrahima.