Kunnuwan Nkhahle

A duk kwarin Ha Ramosa babu mai cewa ya taɓa ganin kunnuwan Nkhahle. Ko rana ta take, ko ƙanƙara na zuba a kan duwatsu, hularsa ta ulu tana nan a dafe har wuya. Mutane suka ce ƙarar nakiya ce ta taɓa shi tun yana saurayi, sa'ad da yake haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Bai taɓa musawa ba.

Da ya dawo Lesotho sai ya zama mai kiwon dawakin Hakimi Tlali, tsoho mai jinya, marar ɗa namiji. Wata rana dattawan gidan suka ja Nkhahle bayan garke, suka ce ya riƙa shiga ɗakin matar hakimi har a samu rabo. Ba sabon abu ba ne. Ɗa na wanda ya biya shanun aure ne, muddin kowa ya kama bakinsa. Aka haifi Mojela da kunnuwa faka-faka masu lanƙwasa a sama, sak na mai kiwon dawaki. Ranar da aka fito da jaririn, Nkhahle ya sayi hula.

Shi ya koya wa Mojela hawan doki da riƙon kulki. Yaron yana kiransa Ntate, wato baba. Sai dai a nan kowane namiji Ntate ne, har direban mota da mai sayar da kananzir. A kan wannan kalma ta kowa da kowa Nkhahle ya rayu. Bai yi aure ba.

Tlali ya mutu bayan Mojela ya zama magidanci. Ƙanin mamacin, Rantso, ya ce kujerar tasa ce. Da can Sarkin ƙasar da ke Maseru ake kai wa irin wannan rigima ya raba gardama. Yanzu dangi ne ke faɗin magaji a taron gari, a kai wa minista, Sarki ya sa hannu.

Da hantsin ranar taron, mutanen Rantso suka tare Nkhahle a mashayar dawaki, suka ja shi zuwa rumfar askin tumaki. Kulkin farko ya karya masa haƙarƙari. Na biyu ya zubar masa da haƙora a kan ulu. Suka taka masa gwiwa har ta yi ƙara kamar busasshen kara. Sannan Rantso ya tsuguna, ya fizge hular, ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai! Ingarman gidanmu! Ashe nan ka ɓoye kunnuwan jakin? Ku duba, jama'a, ai ko makaho ya shafa ya san na waye yaron."

"Ntate Rantso, ka ji tsoron kabarin yayanka."

"Yayana? Wanda ko kaza bai iya kamawa ba? Saurara, tsoho. Anjima zan tsayar da kai kusa da ɗanka, in cire wannan tsumma, ka ce naka ne. Kana jiran Sarki ya hau doki daga Maseru ya cece ku? Tsarin mulki ya ɗaure masa hannu, alƙalami kawai aka bar masa. Ɗanka ya koma kwasar kashin doki, kamar ubansa."

Suka mayar masa da hular, suka kulle rumfar.

Abin da Nkhahle bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a cikin wannan duka ya ji daɗi. Ɗanka. Ubansa. Babu wanda ya taɓa furta masa su sai maƙiyinsa. Ya kwanta cikin jini yana tauna su, har ya kama kansa yana fatan a cire hular, gari duka ya gani, ko da kujera za ta tafi. Wannan fatan ne ya tsorata shi fiye da kulki. Ya san in aka tsayar da shi kusa da Mojela, bakinsa ne zai ci amanarsa.

Almakashin askin tumaki na rataye a ginshiƙi. Ya ja jiki da gwiwa ɗaya, ya cusa gefen bargonsa a baki ya ciza. Kunnen dama ya fita da wuri. Na hagu sai da ya sake kamawa, don hannunsa na santsi. Ya tura su ta tsagin dabe inda kashin tumaki ke faɗawa, ya ja hular ya rufe.

Da azahar aka kawo shi filin taro a rirriƙe. Maza sun zauna cikin barguna, kulake a cinya. Rantso ya tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da Mojela, ya ɗaga murya ya ce yau kowa zai ga uban wannan yaro, ya fizge hular.

Jini ya kwararo. Mata suka kwarma ihu.

"Ya ce in yi wa hakimi ƙarya, na ƙi," in ji Nkhahle ta cikin karyayyun haƙora. "Shi ne ya yi min alama kamar tunkiyarsa. Mojela ɗan Tlali ne. Ni dawaki na sani."

Rantso ya buɗe baki, kulki ya riga maganar. Aka yi ta bugu har ƙura ta rufe filin, aka fitar da Rantso a kan bargo, muƙamuƙi a karye. Kafin inuwa ta juya, dangi sun faɗi sunan Mojela. Kaka na yi, labari ya zo cewa Sarki ya sa hannu.

Nkhahle yana nan a garke har yau, yana ɗingishi, kai a buɗe. Kowace safiya Hakimi Mojela yakan zo karɓar dokinsa, ya ce, "Sannu, Ntate." Tsohon yakan karkata ramin kunnensa, ya ce bai ji ba.

"Na ce sannu, Ntate."

Yana ji sarai. So yake a maimaita, ko zai tsinci wani bambanci tsakanin wannan Ntate da wanda ake ce wa mai kananzir. Har yanzu bai tabbatar ba.