Zoben Kaba da Ruwan Sabulu

Wata safiyar Laraba a daminar 1971, ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Toranke ina wanke kayan Yaya Sale, babban wanmu, wanda ya zo hutu daga makarantar horon malamai. Wankin ya ishe ni, sai na lanƙwasa kaba na yi zobe, na tsoma a ruwan sabulu na ɗaga ta wajen rana. Wata siririyar fata ta shimfiɗu a ciki, ja da kore da shuɗi suna gangarowa layi-layi kamar saƙar zane.

Yaya ya tarar da ni, maimakon faɗa sai ya tsuguna. Ya ce fatar fuska biyu gare ta, haske yana dawowa daga ta gaba da ta baya, in sun haɗu wani launi ya ƙarfafa wani ya mutu, gwargwadon kaurinta. Ruwa yana tsiyayewa ƙasa, sama tana sirancewa, shi ya sa launukan suke tafiya. Na ce ai na lura saman kan yi baƙi dab da fashewa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Binta, kanki na makaranta ne. Ni zan gaya wa Baba."

Duk hutun nan, in na gama surfe da kai abinci gona, muna bakin rijiya. Maganarsa na riƙe kamar guzuri.

Da kaka mai gari ya aiko kowane gida ya ba da yaro ɗaya firamare. A gidanmu kuwa harkar boko sai abin da ɗan boko ya ce. Baba ya kira Yaya zaure, ya tambaye shi, ni ko ƙanena Habu. Ina bayan zana da tulu a ka, na ji da kunnena Yaya ya ce: "A kai Habu. Ita wannan ba ta da aiki sai wasan kumfa."

Wasan da shi kansa ya tsuguna muka yi tare! Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai gama hucewa ba. Washegari ma ni na wanke masa riguna.

Yanzu jikokina mata duk suna makaranta, suna hura kumfa daga 'yar robar da ake sayowa a kasuwar Gaya. Su launukan suke bi da tsalle. Yaya ya tsufa, na taɓa tuna masa ya ce sam bai tuna ba. Ni kuwa har gobe idona wajen baƙin nan na sama yake fara zuwa.