Gaisuwar Mushe daga Kudai

Ana sallame sallar asuba muka bar garinmu, ni da gwaggona, za mu Umra. Hanyar Yamai ba sai na faɗa ba: rami, tsayawa, rami. Gwaggo na jan carbi, ni ina jan tsaki.

Bayan ibada ina da wani aiki. Tsohon da ya kafa gidan rediyon garinmu, wanda kowa ke kira Mushe, wato "malam" da Faransanci, don malamin lakwal, makarantar boko, ne a da, ya daɗe da komawa Makka wajen ɗansa. Ni kuwa shekarata guda a gidan rediyon, aikina karanta sanarwar ɓatan awaki. Shugabanmu ya ce in na ɗauko tarihin gidan daga bakin Mushe, zai ba ni shiri nawa na kaina. In ban ɗauko ba, ni da awaki har illa masha Allahu.

Mun sauka Jidda, muka wuce Makka, muka yi ɗawafi da sa'ayi, Allah ya karɓa. Kuɗin shayi kofi guda a can, a garinmu buta ce cike har da burodi. Ana gobe za mu dawo na shiga bas zuwa Kudai, unguwar su Mushe a nan Makka. Direban Basakkwace ne, amma bakin ya koma Larabci: rabin maganarsa "yalla", rabi "halas".

A bene hawa na uku na tarar da Mushe. Matarsa ta aje mini shinkafa da rabin kaza a faranti kamar murfin rijiya. Ina ci yana zuba labari: a ajin lakwal aka fara, da batirin mota, eriya a kan tsamiya. Faransanci zalla ake yi, a garin da masu jin sa ba su cika tabarma ɗaya ba. Na ce to wa ke saurare?

Ya ce, "Kowa. Suna ba shi da Faransanci, 'yata. Mace na daka, ta tsinci sunanta cikin yaren nan, sai ta aje taɓarya."

Na wanke hannu na kunna waya don in naɗa. "Baba, maimaita daga farko."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya juya harshe zuwa Faransanci, ya kama gaisuwa. Ya gaida direba, ya gaida tela, ya gaida mai fura. Na kashe.

"Baba, tarihi na ce."

"Ke, wa ya koya miki aiki? Ana buɗe rediyo ba a gaida mutane ba?"

"Ai rabinsu sun mutu!"

"Ba su bar 'ya'ya ba?"

Matarsa ta leƙo ta ce, "Ƙyale shi, yarinya. Ko a addu'ar Arfa sai da ya kira garin kaf gida-gida."

Sau uku muna haka. Waya a kashe, tarihi. Waya a kunne, gaisuwa. Na daina saurare, na bar shi yana yi har caji ya ƙare. Ko a jirgi ban kula gwaggo ba.

Da muka dawo na miƙa wa shugabanmu abin da na naɗa, fuska a ɗaure. Ya ce a sa haka nan, ni in riƙa fassarawa da Hausa. A nan na ji abin da haushi ya hana ni ji. Ashe kowane suna da jelarsa: direban da ke ara musu batir da yamma, a tura motarsa da safe, telan da ya hau tsamiya ɗaura eriya ya sauko ba shiri, mai furar da ke ciyar da su don a kira sunanta sau biyu. Tarihin na ciki kaf. Kafin mu gama, ƙofar gidan rediyon ta cika. Wata tsohuwa ta zauna a dakali ta ce ba ta tashi sai an maimaita mata sunan mijinta. Muka maimaita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: in tsoho na magana, in bari ya kai aya kafin in yi tsaki.

An ba ni shirin kuwa, na gaishe-gaishe. Takardar farko da ta shigo, mai ita yana gaida duk wanda ya ga jar akuyarsa.