Kalmar da Soja Ya Dawo da Ita daga Bama

A shekarata ta biyu a jami'a a Madina aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan ƙasar Bama. Mutumin kirki ne, sai dai bincikensa gaba ɗaya a kan kalma guda yake, wato "di", wadda ke nufin "wannan" a yarensu. Ni ina fama da ilimin gado, shi yana neman kakan "wannan". Har a bakin famfon alwala yakan tare ni da zancen, ni kuwa ba ni da haƙuri.

Akwai wani dattijo Bahaushe haifaffen Madina da nake sayen dabino a wurinsa. Ran nan na kai masa ƙorafin abokin ɗakina don mu yi dariya, sai na ga ya ajiye ma'auni. Ya ce mahaifinsa ya sha faɗin cewa ya yi yaƙin Bama kafin ya tako Hajji a ƙasa, amma ba takarda ba lambar yabo, har 'yan unguwa suka mai da shi abin tsokana. Abin da ya bari kawai, in yana son abu a faranti sai ya nuna ya ce "di". Dattijon yana so ya san gaskiya.

Ranar Juma'a na kai wa dattijon gwanin abokin ɗakin nawa, na ja masa kunne cewa e ko a'a ake nema. Ina! Ya fara daga rubutun kan duwatsu, ya gangaro kan tsohuwar kalmar littafi da bakin mutane ya gutsure har ta koma "di". Shayi ya huce, masu saye biyu suka gaji suka tafi. Na taka masa ƙafa sau uku, ya ɗauka matsi ne, ya gyara mini wuri.

Dattijon ya katse shi.

"Ya waladi, khalas. Ya isa haka, ɗana. A littafi ake samunta ko a ina?"

Na fassara wa abokina Hausar. Ya ce ta littafi daban take, wannan ta baki ce, sai wanda ya zauna da mutanen ya yi ciniki da su ne zai san ta.

Kunya ta kama ni, don ni dariya na zo yi.

"Har ni na yi wa mahaifina dariya," in ji dattijon. "Ashe Baba ya je."