Kyamarar da Ke Zuƙo Ƙetaren Gulbi

Abin da jikanyata ta ajiye mini a kan tabarma bai fi sabulun wanki girma ba. Ta taɓa shi a gefe, ya yi wata 'yar ƙara siririya, hancinsa ya fito, ya ƙara fitowa, kamar kunkuru ya ji ba kowa kusa. Ta ce kyamara ce, amma ba irin ta waya ba, ita wannan zuƙo abin da ke nesa take yi ta kawo shi gaban mutum. Ni ban yi boko ba, wannan ma da kuke karantawa ita ke rubutawa ina faɗa. Amma in maganar ganin nesa ce, ba a yi mini bayani. Da shi aka raine ni.

A Argungu aka haife ni, gidanmu na ƙarshen gari, daga shi sai fadama. Babanmu da damina manomin shinkafa ne, ruwa na janyewa ya koma su, kamun kifi. Kakata, wadda ta haife shi, tana da wurin zamanta a gindin wata tsamiya bisa tudu, inda ake hango gulbi har inda ya yi kwana. Kullum in la'asar ta yi sanyi tana can, ni kuma ina gefenta. Jirgi zai ɓullo can nesa kamar ƙwayar gero a faifai, ta faɗi mai shi. Ta kuma faɗi ko ya samo ko bai samo ba, daga yadda cikin jirgin ya zauna a ruwa. Da maganarta matan gida ke aiki. In ta ce jirgi ya yi nauyi, a fito da itace a hura wutar banda tun kafin ya iso, don kifi ba ya jiran kowa. In ta ce sakayau yake, a daka kuka a nemo daddawa.

Ba da lallashi ta koya mini ba. Cewa take daga nesa mutum ba shi da fuska, kada in ɓata ido wurin nemanta. In dubi kafaɗa, in dubi yadda yake tsoma filafilin tuƙi, in dubi wuyansa in ya juya. Na faɗa daidai, ba ta ce komai ba. Na kuskure, kunnena ya ji a jikinsa. Sauran kuma tsaron tsuntsu ya ƙarasa mini, don wadda ta wuni bisa rumfa a tsakiyar shinkafa tana jiran janbaki, dole ta koyi rarrabe garkensu da hayaƙin makiyaya tun suna bakin sama. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar shinkafa da laka, wuyana miƙewa yake yi da kansa.

Wata shekara kakata ta sauya salo. Maimakon ta faɗa, sai ta tambaye ni wa ke tafe. In na faɗa, ta ɗaga murya ta maimaita wa matan gida. Na ɗauka gwaji ne, har ina jin daɗi. Damina biyu muka yi a haka kafin in lura cewa ba gulbin take kallo ba, gefensa take kallo. Ashe yanar ido ce ta rufe mata gani, ta ɓoye wa kowa. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni ta fita ita kaɗai, ta ce jirgi ya yi nauyi. Aka ƙone itacen kwana uku, babanmu ya shigo da ƙananan tarwaɗa da ba su cika ƙwarya ba. Ba wanda ya yi mata gori. Ita ma ba ta sake zuwa gindin tsamiyar ba. Shekarun da suka rage mata a ɗaki ta yi su, tana shafa bango.

Yanzu ina Birnin Kebbi, a Nassarawa, wurin babban ɗana. A gidan nan an san ni da ido. Yaron da ya yi alwala bai wanke dunduniya ba ya san zai maimaita. Surukata ba ta ɗora shinkafa sai na duba tsakuwa. To tun bara ɗan nan ya dame ni da zancen likitan ido, wai don ya ga na zuba shayi gefen kofi. Na ce masa wani ne ya matsar da kofin. Gaskiyar magana, abu biyu nake tsoro: a sa mini ƙarfe a ido, da kuma ranar da yaran gidan za su gane cewa suna iya wucewa ta gabana da abin da suka ga dama. Gari ya ɗan yi mini dishi-dishi, amma na ce ai kowa haka yake gani.

Bikin suna ya kai mu Argungu, gidan ɗiyar ƙanena. Da aka watse na ce wa jikanyar nan ta ɗauko abin nata mu je bakin gulbi, in ga iyakar gaskiyarsa. Rana ta riga ta karkata. Ta saita shi ƙetare, inda ta ce akwai mutum cikin jirgi, hancin ya yi ta fita har ya tsaya. Ta ɗauka, ta miƙo mini bayansa inda hoton ke fitowa. Na duba, na ga abu kamar an zuba ruwa a kan sabon zane mai zuba. Na ce mata wannan ne abin da ake yabo?

Ba ta musa ba, wannan kam na ba ta. Ta ce in aka zuƙo har ƙarshe, 'yar rawar hannun da mutum ba ya ji ma sai ta zama babba a hoto. In kuma haske ya ragu, sai hoton ya yi tsaki-tsaki kamar garin da ba a tankaɗe ba, ciyawa ta haɗe ta zama fenti, fuska ta yi sumul kamar kakin zuma. Ta ɗora shi a bayan wani jirgi da aka kifa don kada ya motsa, ta sake ɗauka, ta ce ya ɗan gyaru. Abin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na nuna. Na tambaye ta mene ne a cikin hancin. Ta ce gilasai ne jere, suna matsowa suna ja da baya. Na ce to don me fuskar ke yin sumul? Ta ce wurin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, bai kai farce ba, abin da ba ta gani sosai ba sai ta shafe ta cike da nata. Maganar ta taɓa ni a inda ban so ba.

Kusa da mu wata mata ce zaune da tiren kifi. Jikanyar ta ce bari in ga aikinta a kusa, nan ne take da kyau. Ta ɗauki hoton tiren, ta miƙo mini. Na kai shi kusa da ido, na janye, na karkata shi wajen haske. Na ce wannan ma duk ɗaya, gobe ta mayar wa wanda ya sayar mata.

Ta karɓa ta duba. Can ta ce, a hankali, “Kaka, hoton ga tas yake. Ga ɓawon kifin ɗaya-ɗaya. Ga ƙuda ma bisa wutsiya.”

Na ce ɗiyan yanzu ba abin da suka iya sai kare kayansu. Na kira mai kifin, tunda ita ba ta san mu ba, na ce ta duba ta faɗi tsakaninta da Allah. Ta goge hannu a zane, ta leƙa, ta fashe da dariya. Ta ce har lotsawar da tirenta ya yi ranar da ya faɗo daga babur ta fito. Sannan ta dube ni ta ce, “Inna, ko dai idon na ya riga ki tsufa?”

Da wata ce a gidana, da ta ji amsa. Amma ni na kira ta shaida. Na sayi kifin da ban yi niyya ba, muka tafi.

Da muka koma Birnin Kebbi yarinyar ba ta kai zancen wurin ubanta, ɗan nawa, ba, Allah ya yi mata albarka. Kwana uku ina juya abin. Na huɗu da safe ɗana ya shigo gaishe ni, na tambaye shi likitan nan da yake ta zance wace rana yake zama. Ya yi hankali, bai yi murmushi ba.

Likita ya ce yanar ido ce. Ido ɗaya aka fara yi, bayan wani lokaci aka yi ɗayan. Abin da ya zaunar da kakata cikin duhu har ta koma ga Allah, yau aikin hantsi ne, kafin azahar an sallame ka. Na kasa sanin ko murna zan yi ko haushi zan ji dominta.

Da aka cire audugar na ce a kawo mini kyamarar nan, muna da sauran shari'a. Hoton tire kam na ba ta gaskiya, ga ɓawo, ga ƙuda, har ƙafafunsa. Na ƙetare kuwa yana nan yadda na faɗa, a dame. Na ce wa yarinyar ta rubuta: a kusa, in da hasken rana, ba ta ƙarya, tsaka-tsaki a yarda da ita, amma in ta miƙe hanci har ƙarshe kada kowa ya rantse da abin da ta nuna.

Ina cikin wannan ɗana ya durƙuso yana tambayar yaya idon. Na ɗago na dube shi. Gemunsa fari fat, har gira ta fara. Ni yaro mai baƙin gemu nake ta yi wa faɗa duk shekarun nan.

Na ce, “Kai kuma yaushe ka yi wannan furfura?”

Ya ce, “Inna, ai ta daɗe.”