Labarin Makiyayin da Na Ji Cikin Hayaƙi

Akwai wata ranar Talata da ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina. Lokacin ban daɗe da zuwa New York daga Kumasi ba, ina zaune wajen yayata a unguwar Morrisania, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijon Bayahude ne, tsohon malamin addininsu, da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Baba nake ce masa.

Da rana tsaka, ana tsananin sanyi, ina ɗumama masa miya sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. Na buɗe ƙofa in leƙa, wani baƙin hayaƙi ya doke ni a fuska, ko ƙofar maƙwabta ban gani ba. Mu kuwa can saman dogon bene muke, lif ɗin da ke hawa da sauka da mutane ya tsaya, Baba kuma ya fi ƙarfin ɗaukata. Na kira 'yan kwana-kwana a waya. Matar da ta amsa ta ce wutar a ƙasanmu take, mu toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, kada mu fita.

Baba ya ce, "'Yata, ke kina da ƙafa. In akwai hanya ki bi, kina da yara a gida."

Na ce, "Ba inda za ni, Baba." Kada ku ɗauka jarumta ce, tsoro ne ya hana ni fita.

Na tura shi bakin taga na buɗe ta kaɗan. Muna jin ihun mutane da fashewar gilasai, hayaƙi kuma na silalowa ta saman ƙofa. Na durƙushe ina kuka ina kiran sunayen 'ya'yana. Sai ya dafa kaina da hannunsa mai lafiya, ya ce in saurara.

Ya ce a zamanin da akwai wani babban malaminsu wanda asalinsa makiyayi ne, har ya kai shekara arba'in bai san ko baƙi ɗaya ba. Matarsa ce ta tura shi neman ilimi, ya zauna cikin ƙananan yara ya fara daga farko, har ya zama malamin malamai. Da Rumawa suka hana koyar da addini, ya ci gaba da karantarwa a fili. Suka kama shi, suka dinga tsage masa fata da matajin ƙarfe.

Na ɗago a firgice. "Haba Baba! Wannan ne labarin da za ka ba ni yanzu?"

Ya yi tari sosai, ya ce, "Bari in ƙarasa. Ana cikin azabar lokacin addu'a ya yi, sai ya kama shaida cewa Ubangiji ɗaya ne. Ɗalibansa suka yi mamaki, ya gaya musu duk rayuwarsa yana faɗin zai so Allah har ya ba da ransa, sai yau ya samu damar cikawa. A kan kalmar kaɗaita Allah ransa ya fita." Ya kalle ni idanunsa jawur. "Ni ma tsoro nake ji, 'yata. Amma bakinmu bai mutu ba. Ki yi taki, in yi tawa."

Haka muka yi. Ya rufe ido yana karantawa da Ibrananci, ni ina maimaita kalmar shahada, hayaƙi na shaƙe mu. Na daina ganin fuskarsa, sai hannunsa da nake riƙe da shi. Na riga na sallama lokacin da aka ɓalle ƙofar, wasu ƙartin 'yan kwana-kwana da fitila a goshi suka ɗauke shi cak, ɗaya ya ja ni.

A asibiti muka farfaɗo. Ni na warke, amma huhun Baba bai koma daidai ba, kafin bazara ya rasu.

Har yau in na ji ƙaurin wani abu gabana sai ya faɗi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, imani ba ya hana mutum jin tsoro, sai dai ya ba shi abin faɗa lokacin da tsoron ya zo. Kuma wanda zai tuna maka Ubangijinka a ranar firgici, ba lallai ne a sahu ɗaya kuke salla ba.