Shunin da Ya Ƙi Fita

Ni mabugi ne, ko in ce na taɓa zama, don yanzu ko buta na ɗaga sai kafaɗa ta kai ƙarata. Boko kuwa na yi daidai gwargwado. Na shiga elemantare, na koyi rubuta sunana da na garinmu, malamin ya gane ba ni da niyyar ƙarawa, muka rabu lafiya. Wanda ya yi tuntuɓe a rubutun nan, ga dalili ya ji.

Labarin ƙafar taubashina zan bayar. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har ya bar duniya ba mu daidaita kan wane ne ubangidan ba. Marini ne a Ƙofar Mata, a shekarun nan na gab da mulkin kai. Rumfarmu ta bugu tana kusa da ramukansu. Su tsoma zane su shanya, mu karɓa mu shafa masa shuni mu buge shi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Daga inda nake zaune ina hango shi tsugune a bakin raminsa, hannu biyu cikin ruwan baba na rini, karan sigari a gefen baki, ido ɗaya a runtse saboda hayaƙi.

Ba ya cire karan, don hannun a jiƙe yake. Sai dai ya ci ya cinye, tokar ta zubo masa a gemu. In ka yi magana ya ce, "Bawa, zo ka tsuguna a kan ramin nan da rana tsaka ka shaƙi abin da nake shaƙa, sannan ka yi mini wa'azi. Ba ni nake sha ba, hancina ne." Kuma gaskiya ramin da ya nuna yana da wari, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ciwon sukari ya riga ya kama shi, amma mu a lokacin ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Mun dai san yana shan ruwa kamar raƙumi, yana yawan zagayawa, kuma uwargidansa ta ce kiyashi ya tare a makewayinsu. Ya je asibiti sau ɗaya aka ce ya rage zaƙi. Ya rage alewa, ya ƙara sigari, ya ce ai ita ɗaci gare ta.

Daga nan sai ya zama mutumin da ya fi kowa ladabi tsakanin Koki, inda gidansa yake, da Ƙofar Mata. Ba ya wuce zaure bai tsaya ba. Ya gai da maɗinki, ya tambayi iyali. Ya yi gaba kaɗan ya tsaya wajen mai goro, ya tambayi kasuwa. Har makahon da ke bakin masallaci sai da ya ce masa, "Malam, ai ɗazu ka gaishe ni." Mutane suna ta yabo, wai girma ya zo masa. Ni da muke tafiya tare na lura duk inda ya tsaya sai ya jingina da bango ya murza sharaɓarsa. In ya huta ciwon ya sake shi, in ya taka ya dawo. Na ce, "Bawa, wannan gaisuwa ce ko hutu?" Ya ce, "Wanda bai yi tarbiyya ba ina zai gane." Ya kunna wata.

Yanzu ga inda muka ruɗe. Marini ba shi da farar ƙafa. Ruwan baba yana ɗiga daga zane, yana fantsama daga rami, yatsu da farce duk sun rine tun yana saurayi. Wa zai dubi ƙafar marini ya ce ta yi duhu? Ai sai a yi masa dariya.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya daɗe bai je karofi wajen ramukansu ba. Kullum alwala, kullum wanka, shunin jikinsa ya fara sauka. Na je duba shi da hantsi na tarar da shi a zaure ya miƙe ƙafa. Yatsun duk sun washe, sun koma irin na mutane, ban da babban yatsa na hagu. Shi yana nan baƙi wuluk, har da ɗan ƙyalli.

Ya ce, "Ka gani? Wannan ruwan ramina na gabas ne. Sabulu ya gaji, dutse ya gaji. Je ka gaya wa masu cewa rinina yana zuba."

Na ce, "Lallai. Saura mu ɗora shi a gungume mu buge."

Muka yi dariya. Da ya warke ya koma aiki, yatsan nan ya zama shaidarsa. Buzaye masu sayen rawani in sun tsaya suna taya, suna shakkar ko rinin zai jure rana, sai ya zare takalmi ya ɗaga musu ƙafa. Sauran marina har haushi suke ji. Akwai wanda ya zo a asirce yana tambayata irin tokar da yake zubawa a ramin gabas.

Uwargidansa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Wata ranar Juma'a ta aiko a kira ni, ta tsaya daga bayan ƙofar zaure ta ce, "Kai da kuke wasa da shi, ko zai ji naka. Ni nake zuba masa ruwan alwala. Shekara nawa ina ganin shuni a ƙafar Malam, ban taɓa ganin shuni mai sanyi ba. Ga shi jiya ya yi tuntuɓe da turmi bai ma sani ba."

Na ce, "Matarmu, kishin rami kike yi."

Ta ce, "Taɓa ka ji."

Na taɓa. Ana zafi a garin, amma yatsan nan kamar gindin randa.

Muka fara da wanzami, kamar yadda kowa ke yi. Ya zo da zabirarsa, ya duba, ya ce mataccen jini ne, a tsaga ya fita. Ya sa aska ya tsaga. Taubashina bai ko motsa ba, yana ta ba ni labarin wani Buzu. Muka jira jini. Wanzami ya matsa, ya ƙara tsagawa sama kaɗan. Babu. Ya goge askarsa a hankali ya mayar, ya ce, "Malam, wannan ba aikina ba ne." Ko goron da aka ajiye masa bai ɗauka ba.

A asibiti likitan Bature ne, da malamin asibiti mai yi mana tafinta. Likitan ya ɗora yatsunsa a bayan ƙafar yana lalube, ya koma idon sawu, ya hau bayan gwiwa, kamar mai neman abin da ya faɗi a cikin yashi. Sannan ya zaro kwalin sigari daga aljihun taubashina ya ajiye a kan tebur. Malamin ya ce, "Ya ce hanyoyin jinin ƙafarka sun tsuke. Sukari ya fara ɓata su, wannan kuma tana ƙarasawa. Yatsan ya mutu, sai an cire. In ka bar ta, wataƙila a tsaya a yatsa. In ba ka bari ba, za ka dawo."

Taubashina ya ce, "Tambaye shi, ya tabbata ba shuni ba ne?"

Malamin bai ma juya maganar ba.

Aka cire yatsan. Ya bar sigari har miki ya kusa rufewa, yana cin goro kamar akuya, yana faɗa da kowa a gida. Sai ya koma bakin rami. Ban ga ranar da ya sake kunnawa ba, na dai ɗaga kai daga gungume wata rana na ga ido ɗaya a runtse. Na yi magana, uwargida ta yi, limamin unguwa ya yi. Ya ce mana ɗaya ce tak bayan azahar, sai ta zama bayan kowace salla, har da nafila. Mutum yakan gaji da faɗa. Mikin ya buɗe, baƙin ya hau zuwa tafin ƙafa, ya kai ga ba ya iya miƙe ta a shimfiɗa sai ya sauko da ita ƙasa. Kafin wata damina muka koma wurin Baturen, kamar yadda ya ce. Wannan karon daga ƙasan gwiwa aka yanke.

Mai ƙafa ɗaya ba ya tsuguno a bakin rami mai zurfin gaba biyu. Ƙanensa ya karɓi ramukan. Ya fito daga asibiti hannuwansa farare fat, irin na maɗinki, yana ɓoye su cikin hannun riga in an zo gaishe shi. Wannan ya fi ƙafar damunsa, ni na sani.

Bugu a zaune ake yin sa. Na matsa masa wuri a gungumena, na tura masa ƙwaryar shuni da sandar bugu, na ce, "Ga shi, bawa ya dawo gidan ubangijinsa." Bai iya ba, yana bugu kamar mai kashe maciji, amma kafin sati hannun ya koma launinsa, ya daina ɓoyewa.

Ƙafar da ta rage kuwa muka hana ta shuni. Uwargida ta ɗinka mata safa, kowace safiya ta wanke ta da sabulu, ba a taɓa ganin ƙafa mai tsabtarta a Ƙofar Mata ba. In jaki ya sauke shi a rumfa, kafin mu fara aiki sai ya cire safar ya miƙo mini. In duba tsakanin yatsu, in danna farcen babban yatsa har ya yi fari, in saki, mu zuba ido mu ga ko ja zai dawo. Yana dawowa, amma a hankali, kamar mai gaishe-gaishe a hanya.

Ya ce, "Yaya, bawa?"

In ce, "Tana nan."

Ya mayar da safa, ya laluba bayan kunnensa inda yake maƙale kara ɗaya da ba a kunna ba, ya ce, "To ba ni ashana."

In ce babu. Ya zage ni, mu ɗauki sanduna.